Inda Muka Tsaya

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
Janareton maƙwabci na tari, nawa ya yi shiru,
ni da kwamfuta muna lasar ragowar batir.

Shafin Alhaji Mamuda nake ginawa,
dillalin albasa a Mil Sha Biyu.
Buhu nawa, wace mota, wa zai karɓa, sai biya.
Tambaya huɗu, wata na bin wata,
yadda yake yi da baki a gindin tirela.

Haka na rubuta ta, daga sama har ƙasa.
In manhajar ta ce "buhu nawa?"
sai ta tsaya cak, baki buɗe.
Saba ta naɗe tsayuwar nan ɗungurungum,
abin da aka faɗa da wanda ya rage a faɗa,
ta ƙulle, ta sa lamba, ta rataye a igiya.
Mai saye ya je la'asar, ya biya wajen mai suya,
ya dawo ya danna,
a kwance ƙulli, zance ya ɗora daga gaɓar da ya katse.

Abin ya kwanta mini.
Haka Sallau mai shayi yake mini a Agege.
In bar labari rabi ran Talata,
ran Juma'a yana kaɗa ƙwai zai ce,
"To, sai direban ya ce me?"

Morenike ta leƙa allona da safe, ta taɓe baki.
Ta ce Legas ba ta riƙe wa kowa zance.
Kwandastan danfo bai san sunanka ba,
bai san jiya ma ka shiga ba.
Faɗi inda za ka, miƙa kuɗi.
In wannan ta mutu a kan gada, ta baya ta kwashe ka.
Kowace buƙata ta zo da guzurinta,
saba ta amsa, ta manta.
Jera goma, jera ɗari, kowacce ta iya aikin.

Na ce amma sai kin datsa zancen gunduwa-gunduwa,
kowane yanki da ƙofarsa,
kina cusa 'yar takarda a aljihun mai saye
don ki gane shi in ya dawo.
Danna maɓallin komawa baya a nawa ki gani,
ƙullin ɗazu na nan yadda aka bar shi.

Ta ce igiyar taka ƙulli nawa za ta ɗauka?
Mutum dubu uku su fara ciniki ranar kasuwa,
data ta ƙare wa rabinsu a tsakiya.
Wa zai sauke nasu, kuma yaushe?
Tura wa Alhaji adireshin shafi na uku,
ya buɗe jibi, mu gani.

Na gyara kujera. Ban ce komai ba.

Ran Laraba aka ɗauke wuta, batir bai tare ba.
Saba ta farfaɗo, igiya wayam.
Wani a Aliero ya kai "wa zai karɓa"
da buhu tamanin a bayansa,
shafin ya ce masa wa'adi ya wuce, ya faro daga farko.
Sai da na janye wayar daga kunne
saboda muryar Alhaji.

Kwana uku ina datsa zance irin na Morenike.
Ya tsaya da ƙafarsa, ban musa ba.
Sai dai in na karanta shi
ba na jin ana magana.

Jiya na biya Agege.
An tashi masu tebur a bakin titi, Sallau ya yi gaba.
Wani yaro ne can ciki da butarsa.
Ya ce, "Me za a ba ka?"
Na faɗa masa tun daga fari:
madara kaɗan, suga cokali ɗaya, ƙwai biyu ban da attaruhu.
Shayin ba laifi.
Abin da direban ya ce
yana nan a bakina.